Saksofon ɗin Baba Wilson

Ranar Alhamis, ƙarfe uku saura na rana, aka bugo wa Sufeto Bawa waya cewa an yi sata a wani zauren taro da ke Karewa, an kuma ji wa maigadi ciwo. Ya kira Kofur Magdalena suka fito. Motar ofis ɗin ba ta tashi sai an tura, don haka sai da aka nemo mutum biyu daga kantar 'yan sanda suka sa hannu.

A ƙofar zauren an ɗaura wani ƙyalle mai faɗi: GONGOLA SEVEN, ASABAR, ƘARFE HUƊU.

Duk wanda ya haura shekara arba'in a Jimeta ya san sunan. Makaɗan jaz ne. A zamaninsu babu otal ɗin da ba su yi wasa ba daga Jimeta zuwa Numan, har Garwa sun sha ƙetarawa. Da rikicin Boko Haram ya zo aka sa dokar hana fita, mutane suka daina yarda su zauna cikin taro, sana'ar ta mutu a tsaye. Biyu suka rasu, ɗaya ya koma Jos, ɗaya ya kama sayar da taya. Saura uku: Baba Wilson mai busa saksofon, Fredrick mai fiyano, da Joel mai ganguna. Shekara tara ba su hau dandali ba. Wannan Asabar ce ta farko, wata 'yar kasuwa mai suna Madam Peculiar ce ta shirya musu.

Maigadin, wani tsoho Malam Bakari, an riga an wuce da shi asibiti, bai san inda kansa yake ba. Mai shara ce ta tsince shi a ƙofar baya, a gindin matakala, ƙeyarsa ta bugi bakin kwata. Sufeto ya tsuguna ya duba wurin. Jinin bai taɓa ƙasa sosai ba, a kan dardumar salla ya zuba. An ninke dardumar gida huɗu.

Mai sharar ta rantse haka ta same shi, dardumar tana ƙarƙashin kansa kamar filo.

"Ɓarawo mai tausayi ke nan," in ji Magdalena.

Sufeto ya wuce siton da makaɗan suke ajiye kaya. Ba a fasa kwaɗo ba. Makullin yana saman ƙofa inda makaɗan suke ajiyewa in za su fita cin abinci. Ga kibod, ga lasifika biyu, ga sabon janareta, ba a taɓa ko ɗaya ba. Akwatin saksofon ne kawai a buɗe, babu komai a ciki.

A kan taga ya ga wani baƙin abu kamar kan lofe, an ɗora shi a kan hankici. Kusa da shi, a kan gilashin tagar, an kwantar da wani siririn kara da bai fi tsawon yatsa ba.

Magdalena ta taɓa zama a ƙungiyar badujala ta cocinsu, ita ta yi masa bayani. Baƙin abin shi ne bakin saksofon, wanda mai busa yake sa wa a bakinsa. Karan kuwa a jikinsa ake ɗaure shi, shi ke ba da murya. In an gama busa yakan jiƙe da yawu, sai a kwance shi a shanya a kan abu mai santsi, in ba haka ba ya lanƙwashe ya lalace.

"Wato mutum ya zo sata, ya tsaya yana shanya kara?"

"Haka dai na gani, Oga."

Suna cikin haka Baba Wilson ya iso da 'yarsa Keturah. Dogo ne, ya rame, ya haura saba'in, rigarsa a goge. Bai kalli kowa ba sai akwatin. Ya ce saksofon ɗin ya fi Keturah shekaru, da shi ya yi aure, da shi ya binne matarsa. Sai idonsa ya kai kan taga. Ya tsaya. Ya daɗe yana kallon karan nan.

"Baba, wa ya cire wannan?" Sufeto ya tambaya.

"Ni na cire."

Keturah ta juyo ta kalli ubanta da sauri, sannan ta kawar da kai.

Tsohon ya juya baya yana shafa cikin akwatin. Sufeto ya tambaye shi ƙarfe nawa suka tashi daga gwaji. Shiru. Ya maimaita, ya ɗaga murya. Shiru. Sai da Keturah ta taɓa kafaɗarsa ya waigo, ta tsaya a gabansa ta faɗi tambayar a hankali, ya ce ƙarfe ɗaya.

"Kunnensa lafiya?"

"Lafiya lau," in ji ta. "Hankalinsa ne a tashe."

Sufeto ya sa bakin saksofon da karan a ambulan, ya rubuta a littafinsa cewa mutum biyu sun yi masa ƙarya cikin minti biyar, kuma su ne aka yi wa satar.

Washegari da safe ya sami Joel a shagonsa na gyaran janareta a Nassarawo. Joel shi ne ƙarami a cikinsu, bai fi hamsin ba, daga baya ya shigo ƙungiyar. Ya ce bayan gwaji ya tafi cin tuwo, mai abincin za ta shaida. Ya ce gwajin ya yi kyau ƙwarai, Baba Wilson kamar yana ɗan talatin.

Sufeto ya ja benci ya zauna. Ya ce shi bai san jaz ba, in aka kunna masa ma kansa ciwo yake, amma ya san mutumin da yake magana yana kallon sufana. Ya ce mai shara ta gaya masa ita da abokiyar aikinta sun yi dariya jiya har suka fita waje. Me ya ba su dariya?

Joel ya ajiye sufanar.

"Oga, ka rufa mana asiri."

"Akwai tsoho a asibiti da kansa a fashe. Asirin wa zan rufa?"

Joel ya goge hannu ya fara magana. Ranar da bam ya tashi a kasuwar Jimeta, Baba Wilson yana kusa, ya je sayen takalmi. Ko ƙwarzane bai samu ba, amma kunnuwan sun tafi. Na hagu ya mutu gaba ɗaya, na dama sai ƙarar tirela. Bakin mutane yake kallo. Duk shekarun nan suna haɗuwa a falonsa ranar Lahadi bayan coci su yi kiɗa, kuma abin mamaki a falon yana tafiya daidai. Ba wanda ya taɓa furta maganar kunne a gabansa. Jiya ne karon farko da suka hau babban dandali.

"Sai me?"

"Mu muna gabas, shi yana yamma. Mun gama waƙa, shi bai sani ba, yana ta busawa ido a rufe. Madam kuma ta ce ranar Asabar za a haska a waya kai tsaye, har mutanen Abuja za su zo. Ka san yaran yanzu. Za su yanka wurin, su sa masa kukan akuya, ya zaga duniya."

"Wa ya gaya masa?"

"Wa zai iya?"

Sufeto ya tambaye shi cikin su wa ya iya saksofon bayan Baba Wilson. Joel ya ce babu, shi dai tunda ya zo kowa da kayansa ya same shi.

Daga nan Sufeto ya wuce gidan Fredrick a Alkalawa. Gajere ne mai furfura, yana koya wa matan coci waƙa, haƙoransa na gaba na roba ne, suna motsi in yana magana. Ya kawo wa Sufeto ruwan randa. Ya ce da aka tashi daga gwaji, gida ya taho kai tsaye ya kwanta. Ya ce shi da Wilson shekara arba'in da shida suna tare.

"Ka iya busa saksofon?"

"Ni ɗan fiyano ne, Yallaɓai."

"Ba abin da na tambaye ka ba ke nan."

"Ban san kansa ba."

Da Sufeto ya tashi tafiya, Fredrick ya raka shi har bakin titi cikin rana, ya tambaye shi ko Malam Bakari ya farka. Sufeto ya ce tukuna. Ya buɗe ƙofar mota, tsohon ya sake tambaya ko likitoci sun ce zai farka. Bai tambayi saksofon ko sau ɗaya ba.

Bayan sallar Juma'a Sufeto ya leƙa asibiti. 'Ya'yan Malam Bakari mata uku suna zaune a baranda a kan tabarma, babbar tana ta yi masa godiya da Fulatanci, shi kuwa bai san me ya yi mata ba. Likita ya ja shi gefe ya ce jini ya taru a ka. Ya ce da an kawo shi da wuri da akwai magana, amma ga alama ya fi rabin awa a kwance cikin rana kafin a gan shi.

La'asar ta yi masa a gidan Baba Wilson. Tsohon ba ya nan, Keturah ta ce ya fita tun safe bai faɗi inda za shi ba. Falon ƙarami ne. Tsohuwar fiyano a jikin bango, kujera ɗaya a gefenta na hagu, ƙafafun kujerar sun ci siminti saboda daɗewa a wuri ɗaya. A bango akwai hoto baƙi da fari, samari bakwai da manyan wanduna. Sufeto ya matsa kusa. Mutum biyu ne riƙe da saksofon a hoton. Dogon Wilson ne. Gajeren yana dariya da haƙoransa cif.

"Wannan fa?"

Keturah ta ce Kawu Fredrick ne. Ta ce shi ne ma ya koya wa babanta busa. Mota ce ta kife da su a hanyar Numan tun kafin a haife ta, haƙoransa suka zube, busa ta gagara, ya koma fiyano.

Sufeto ya ciro ambulan ya zazzage karan a tafin hannunsa.

"Jiya babanki ya ce shi ya cire wannan. Kika kalle shi. Me ya sa?"

Ta kalli karan. Sannan ta tashi ta jawo wani gwangwanin madara daga ƙarƙashin tebur ta buɗe masa. Cike yake da irin karan, duk sun lanƙwashe, wasu sun yi baƙi da fumfuna.

"Baba bai taɓa cire kara ba tunda nake," in ji ta. "Yana gamawa yake jefawa a akwati da yawunsa. Kullum sai sun yi faɗa a kai."

"Shi da wa?"

Ta zauna ta rufe fuska da gyale. Sufeto bai matsa mata ba, amsar tana rataye a bango.

Ya so ya bar maganar ta kwana biyu. Ya ce a ransa in Malam Bakari ya farka, wataƙila a zauna da iyali a sasanta, tsofaffi ne duka. Asabar da hantsi waya ta shigo daga asibiti. Malam Bakari ya cika. DPO ya kira shi ya ce yanzu fayil ɗin ya tashi daga sata, yana son mutum a hannu kafin azahar.

Da suka isa Alkalawa ƙofar Fredrick a buɗe take. Baba Wilson yana ciki, Joel yana tsaye a tsakar gida ya rasa inda zai sa kansa. Tsofaffin biyu suna zaune suna fuskantar juna. A kan tebur tsakaninsu ga saksofon a kan buhun shinkafa, an goge shi yana ƙyalli.

Wilson ne ya riga kowa.

"Sufeto, an gama. Aro na ba shi, na manta. Tsufa ne. Ka kashe maganar."

Sufeto ya tsaya inda tsohon zai ga bakinsa.

"Baba, Malam Bakari ya rasu."

Fredrick ya yi wani ƙaramin sauti kamar an taka shi. Ya dafa tebur. Ba a tambaye shi ba ya fara bayani, kansa a ƙasa. Ya ce bai taho gida ba, ya zaga baya ya jira maigadi ya tafi salla. Niyyarsa ya ɓoye abin zuwa Lahadi, a ce an yi sata, a ɗage wasa, mutane su tausaya wa Wilson maimakon su yi masa dariya. Yana fitowa da buhu Malam Bakari ya dawo, ya riƙe buhun. Sun san juna shekara ashirin, har ya kira sunansa.

"Ban ture shi ba, Yallaɓai. Buhun na ja. Ya saki."

"Dardumar fa?"

"Ni na sa masa."

"Ka kira wani?"

"Na ce wani zai zo." Ya kalli saksofon. "Da na yi ihu, da an tambaye ni me ke cikin buhu."

Magdalena tana rubutawa. Sufeto ya ajiye ambulan a tebur ya tambaye shi don me ya bar bakin saksofon.

Fredrick ya ce ba a ɗaukar wa mai busa bakinsa, ko maƙiyinka ne. Wurin haƙoran Wilson yana jiki, shekara talatin ya ɗauka kafin ya zauna masa. Karan kuwa, ya ce wallahi bai san ya cire ba. Ya taɓa ya ji shi a jiƙe, hannunsa ya yi abin da ya saba.

"Fredi," in ji Wilson. "Ɗago kanka. Ba na ganin bakinka."

Fredrick ya ɗago. Hawaye sun jiƙa masa gemu. Abin da ya kasa faɗa shekara tara ya faɗe shi a hankali, kalma kalma, yadda abokinsa zai karanta.

"Wilson, ba ka ji. Ranar Alhamis mun gama, kai kana ta busa. Masu shara sun yi dariya."

Wilson ya kalle shi ya daɗe.

"Kai ne za ka gaya mini ba na ji? Kunnen nawa ne ko naka?"

Ya ce tun ranar bam ɗin kasuwa ya sani. Ya ce me Fredrick yake tsammani ya sa kujerarsa take gefen hagu na fiyano a falo, ba ta taɓa gusawa ba? Hannun Fredrick na hagu yake kallo. In hannun ya sauka ya san inda ake, in ya ɗaga ya san an juya. Shekara tara da hannun nan yake ji. Ranar Alhamis mai ɗaukar hoton Madam ya ce a mayar da fiyano baya, a sa mai saksofon a gaba shi kaɗai don hoto ya yi kyau. Ya waiga bai ga hannun ba. Kunya ta hana shi magana a gaban yara, sai ya rufe ido ya bi abin da ke kansa.

"Na ce ranar Asabar zan zo da wuri in sa a juya fiyano. Shi ke nan fa, Fredi. Fiyano kawai za a juya."

Joel ya fita waje. Biron Magdalena ya tsaya a kan takarda.

"Me ya sa ba ka gaya mini ba?" Fredrick ya tambaya.

"Kai me ya sa ba ka tambaye ni ba?"

Sufeto Bawa ya yi shekara ashirin da huɗu a aiki. Ya kama masu yankan aljihu, ya kama waɗanda suka kashe mutum suka je suka ci abinci. Ya duba ko'ina a ɗakin nan bai ga inda zai bi ya fita ba. Akwai gawa a asibiti da mata uku a kan tabarma.

"Baba Fredrick, tashi mu je."

Bai sa masa ankwa ba. Magdalena ta ɗaura wa saksofon takarda mai lamba ta mayar da shi buhu. Wilson ya ce a bar masa shi zuwa yamma kawai, ƙarfe huɗu ne wasan, zai kawo da kansa. Sufeto ya ce shaida ce, sai kotu ta gama. Wilson ya ce to a ba shi bakin. Sufeto ya ce shi ma shaida ne. Tsohon ya tambaya kotu takan ɗauki wata nawa. Sufeto ya san amsar, sai ya juya fuskarsa inda tsohon ba zai ga bakinsa ba.

A ƙofa Fredrick ya tsaya ya ce wa Joel ya je ya gaya wa Madam ta sauke ƙyallen. Ya kalli hannunsa na hagu kamar na wani, ya shiga bayan mota.

Sufeto ya murɗa makulli. Motar ta yi tari ta mutu. Ya sake, ta ƙi. Unguwar ba kowa a waje saboda rana. Magdalena ta sauka, Joel ya zo ya kama gefe, suka tura, yashi ya riƙe taya.

Ta madubi Sufeto ya ga Baba Wilson ya naɗe hannun rigarsa mai guga. Ya zo ya dafa bayan motar da tafukansa biyu, daidai gilashin da abokinsa yake zaune, ya sunkuyar da kai ya tura.

Motar ta gangara, injin ya kama. Magdalena ta ji, Joel ya ji, suka saki. Shi bai ji ba. Yana ta turawa har sai da ta kuɓuce daga hannunsa.